Baƙon Ƙwararre a Ingila: Tambayoyi Kan Masu Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Suka Bar Gida

Me ke fara girgiza wanda ya koma can da wannan aiki?

Al'ada ce, tun kafin a zo kan ilimi. A Kano ko Zariya, mara lafiya yakan zo da mahaifiyarsa ko yayansa, sau da yawa su ne ma ke yin bayani. A Ingila shi kaɗai zai shigo, kuma abin da ya faɗa sirrinsa ne, ko matarsa ba a gaya wa sai ya yarda. Mu sunkuyar da kai ladabi ne, su kuwa suna iya ɗauka wani abu kake ɓoyewa. Sai ka ga mai shekara goma a aiki ya fara shakkar kansa.

Takardunsa na gida za su isa?

Masanin halayyar ɗan'adam da zai duba marasa lafiya sai ya yi rajista da HCPC, hukumar da ke sa ido kan wasu sana'o'in kiwon lafiya a Birtaniya, wadda ta karɓi wannan nauyi a 2009.

Mene ne zaman bita da babban ƙwararre?

Zama ne da ma'aikaci ke kai wa wanda ya fi shi gogewa abin da ya shige masa duhu. Ƙungiyar BACP, ta masu ba da shawara kan matsalolin tunani a Birtaniya, ta gindaya wa mambobinta da ta tantance aƙalla awa ɗaya da rabi kowane wata. A nan nake ganin an fi yin asara. Wanda ya taso inda ba a nuna wa na gaba rauni zai shiga ya ce komai lafiya lau, alhali da dare bai yi barci ba. Shi kuma mai bitar, don gudun ɓata rai, sai ya ƙi taɓo batun launin fata, ko lafazi, ko addini. Haƙƙinsa ne ya fara buɗe wannan ƙofa, domin shi ne babba.

To, sai ya ajiye abin da ya zo da shi?

A'a. Idan wata baiwar Allah ta ce aljanu ne suka taɓa ta, shi ya san yadda zai saurare ta ba tare da raini ba. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, a Ingila ya yi karatu, amma da ya dawo Aro ta Abeokuta, a 1954 ya zaunar da marasa lafiya cikin ƙauyuka tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya.