Wankan jego

Wankan jego wanka ne da ruwa mai tsananin zafi wanda mace ke yi bayan haihuwa a ƙasar Hausa, safe da yamma, yawanci har kwana 40. A wasu gidaje, musamman a haihuwar fari, akan zarce zuwa wata uku ko huɗu. Tushen al'adar tsoron sanyi ne: ana ganin jikin mai jego ɗanye ne, in ba a gasa shi ba sanyi zai shige ta, ta kumbura.

Yadda ake yin sa

Tun ciki ya tsufa miji ke tanadar itace. Akan tafasa ruwa a babbar tukunya ko garwa, a tsoma damin ganyen darbejiya, runhu ko tsamiya, a riƙa fyaɗa wa jiki. Ungozoma ko wata dattijuwa ce ke yi mata a kwanakin farko, daga baya ta ci gaba da kanta. Wankan yana tafiya da kunun kanwa, ƙauri da yajin jego. A da, a yankuna irin su Zazzau, mai jego kan kwanta a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa.

Binciken Zariya

Tun wajen ƙarshen shekarun 1960 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello suka lura da yawan masu jego da ke zuwa da haki da kumburi, zuciya ta gaza. Likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi diddigin irin waɗannan mata 224, rahotonsu ya fito a 1978. An ƙiyasta cewa ciwon na kama kusan mace ɗaya cikin 100 da suka haihu a yankin, adadin da yake cikin mafi yawa a duniya. Bayaninsu shi ne: kanwa cike take da sinadarin sodiyam mai riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana buɗe hanyoyin jini, sai aiki ya yi wa zuciya yawa, balle ga mai hawan jini ko ƙarancin jini. Abin takaici, kumburin da ake gudu shi ne alamar ciwon, dangi kuwa suna ganin sa sai su ƙara wuta da kanwa.

Saɓani

Binciken baya-bayan nan a Kano da wasu asibitocin Najeriya bai ga alaƙa mai ƙarfi tsakanin al'adar da ciwon ba; ya fi nuni ga talauci, rama da hawan jinin ciki. A Yamai da Kano an kuma ambaci ƙarancin seleniyam, wani sinadari da jiki ke samu daga abinci, a jikin masu ciwon.

Illoli da kiyayewa

Ƙuna ce illar da babu gardama a kanta, sai jiri da faɗuwa, musamman ga wadda ta zubar da jini da yawa. Likitoci sun fi son ruwa mai ɗumi da hannu zai iya jurewa, kada kuma a fyaɗa ganye a kan ɗinki ko wurin tiyata. Mai hawan jini ta bar kanwa. Haki, tarin dare, kumburin ƙafa ko kasa kwanciya sai an tokare da matasai, a watan haihuwa ko cikin wata biyar bayanta, alamu ne da ke bukatar asibiti a ranar.

A yau

A birane mata da yawa sun rage zafin ruwan da yawan kwanakin.