Karcen da ke kan duwatsun Ƙasim

'Yan uwa masu noma da kiwo a wajen Buraida da Unaiza na lardin Ƙasim da kuma Ha'il, a ƙasar Saudiyya, cikinku akwai waɗanda suka taɓa cin karo da fa mai santsi a daji, da dogayen layuka a kansa, duk sun miƙe gefe guda kamar an ja garma. Wani dattijo makiyayi ya ce mini aikin iska ne. Na ce, Baba, ƙanƙara ce ta yi wannan.

Kimanin shekara miliyan 445 da suka wuce, ƙasar Larabawa tana manne da Afirka cikin wata babbar nahiya da masana ke kira Gondwana, can kusa da ƙuryar kudancin duniya. Ƙanƙara mai kauri ta lulluɓe ta. Nauyinta ya sa tana jan ciki a hankali, duwatsun da suka maƙale a ƙarƙashinta suna kartar fa. Ta haƙa kwari masu zurfi, da ta narke kuma ta bar yashi da tsakuwa da manyan duwatsu a cakuɗe. Masana sun raɗa wa wannan shimfiɗa suna Sarah. Da waɗannan layuka suke gane inda ƙanƙarar ta dosa, kuma an ga irinsu a Aljeriya da Jado ta ƙasar Nijar. Don Allah kada a fesa musu fenti, kada a farfasa su a yi murhu.

Ni malamin gona ne, abin da ya fi damuna yana ƙasa. Dutsen yashi na wannan yanki, musamman shimfiɗar Saƙ, yana riƙe ruwa kamar soso, shi rijiyoyin burtsatse ke zuƙowa ana ba dabino. Ruwan ya taru ne dubban shekaru baya, lokacin da ake samun damina sosai a nan. Ɗan yayyafin yanzu ba ya mayar da abin da ake ɗiba. Shi ya sa gwamnati ta yi ta rage noman alkama har ta dakatar da sayen ta gida a 2016.

Ku ne hannunku ke kan famfo. In tiyo ya tsage, a ɗaure shi a ranar, a gaya wa maigida ko da zai yi faɗa. Ban ruwa kuma a yi shi da asuba ko bayan la'asar, lokacin da rana ba ta shanye rabinsa.