Waiwaye: Yadda mayankar kifin wel ta zama wurin yawon buɗe ido a Jojiya ta Kudu

Duk shekara daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da ƙanƙara ke ɗan sassautawa a can ƙasan duniya, jiragen ruwa na tasowa daga garin Ushuwaya da ke ƙarshen Ajantina ɗauke da mutanen da suka biya dubban daloli wai don su je su ga tsuntsu da kabari. Wasu su miƙe kai tsaye zuwa Antaktika, wasu kuma su yi doguwar hanya, su biya ta tsibiran Fokland, sannan su ƙara kwana biyu zuwa uku a kan teku kafin su hango wani tsibiri mai duwatsu da ake kira Jojiya ta Kudu. Ba Jojiyar da ke maƙwabtaka da Rasha ba fa, ba kuma jihar nan ta Amurka ba. Wannan tsibiri ne da tsawonsa bai wuce kilomita 170 ba, babu filin jirgin sama, babu wani ɗan ƙasa da ke zaune dindindin, sai ma'aikatan gwamnatin Birtaniya da masu bincike da ke zuwa su koma. To me ya kai mutane can, kuma tun yaushe?

Labarin ya faro ne da Kyaftin James Cook a watan Janairun 1775. Shi abin da yake nema wata babbar nahiya ce da Turawa ke zaton tana kudu, da ya ga duwatsun nan ya ɗauka ya samu, ya sauka ya kafa tuta da sunan Sarki George na uku, sai da ya zagayo ƙarshen wurin ya gane ashe tsibiri ne kawai, har ya raɗa wa wannan ƙarshen suna da ke nufin takaici. A rahotonsa ya nuna wurin ba shi da wani amfani, amma ya ambaci cewa bakin ruwan cike yake da sil, wata dabbar ruwa mai shayarwa, ɗan kama da ayu, mai gashi mai laushi. Wannan ambaton shi ya jawo wa dabbobin bala'i. Daga wajen 1786 mafarauta suka fara zuwa, na Ingila da na Amurka, suna bugun su da kulki suna feɗe fata suna kaiwa kasuwa, har da ta Sin. James Weddell, wanda shi kansa mafarauci ne, ya ƙiyasta a 1825 cewa an kwashe fatu wajen miliyan 1.2 daga tsibirin. Da masu gashin suka kusa ƙarewa sai aka koma kan manyan, waɗanda namijinsu ke da hanci kamar na giwa kuma yana haura tan 3, ana narka kitsensu a manyan tukwanen ƙarfe a bakin ruwa.

Tukwanen nan da aka watsar su suka ba Grytviken sunanta, ma'anarsa mashigin tukwane. A nan ne wani ɗan Norway, Carl Anton Larsen, ya kafa tashar sarrafa kifin wel ta farko a Nuwamban 1904, da kuɗin 'yan kasuwar Ajantina. Mu dai kifi muke ce masa amma ba kifi ba ne, numfashin iska yake yi kuma shayarwa yake. A shekarun farko ba sai an yi nisa ba, a cikin mashigin ma ake harbo su, saboda yawa. Nan da nan wasu tashoshin suka biyo baya, Leith, Stromness, Husvik da sauransu, aka gina coci a 1913 wanda aka kawo katakonsa a shirye daga Norway, yana nan tsaye har yau. Man da ake tatsa ana yin sabulu da shi, ana yin man shafa wa burodi, a lokacin yaƙin duniya na farko kuma ana ciro sinadarin haɗa abubuwan fashewa daga cikinsa. Gaskiya Birtaniya ta ɗan yi ƙoƙarin sa ido, tana ba da lasisi tana ƙayyade yawan jiragen farauta, amma daga 1925 aka fito da manyan jirage masu gangare a baya da ke jawo kifin ciki su sarrafa shi a tsakiyar teku inda babu mai iko, shi kenan doka ta zama hoto. Daga 1904 zuwa 1965 wel 175,250 aka sarrafa a tashoshin tsibirin kaɗai. Kuma kar wani ya ce tausayi ne ya sa aka rufe su, kifin ne ya ƙare, harkar ta daina biya. Dakatarwar da duniya ta yi wa farautar wel don kasuwanci sai 1986 ta fara aiki, ihu bayan hari kenan.

A tsakiyar wannan zamanin na jini da wari ne Ernest Shackleton, mai jagorantar tafiye-tafiyen binciken Antaktika daga Birtaniya, ya shigo labarin, kuma in ba don shi ba ina ganin rabin jiragen nan na yanzu da ba su samu abin tallatawa ba. Ranar 5 ga Disamba 1914 jirginsa Endurance ya bar Grytviken da mutum 28, niyyarsu su ratsa nahiyar Antaktika daga wannan gefe zuwa wancan. Mafarautan sun gaya masa ƙanƙarar bana ta yi yawa. Ko ƙasa ba su taka ba ƙanƙara ta riƙe jirgin a tekun Weddell a Janairun 1915, ta yi ta matse shi wata da watanni har ya farfashe ya nutse a Nuwamba. Suka zauna a kan ƙanƙarar da ke yawo bisa ruwa suna cin sil da fengwin, wani tsuntsun ruwa da ba ya tashi sama, har karnukansu suka ci daga baya, da ta fara tsagewa suka shiga ƙananan kwalekwale uku suka kai wani tsibiri da ake kira Elephant a Afrilun 1916, inda babu kowa kuma babu jirgin da ke bi ta wurin. Sai Shackleton ya ɗauki mutum biyar a kwalekwale ɗaya mai suna James Caird, tsawonsa bai kai mita 7 ba, suka nufi Jojiya ta Kudu, tafiyar kilomita 1,300 a kan tekun da ya fi kowanne hauka, kuma lokacin hunturu na shigowa. Frank Worsley ne ke duba hanya da rana, ranar da sau ƙalilan ta leƙo a duk tafiyar, da sun kauce kaɗan da sun wuce tsibirin sun shiga inda babu dawowa. Suka sauka ranar 10 ga Mayu, amma a bayan tsibirin, tashoshin kuma suna ɗaya gefen. Shi da Worsley da Tom Crean suka kafa ƙusoshi a ƙasan takalmansu suka haura duwatsun da babu wanda ya taɓa ratsawa, awa 36 kusan ba hutu, har suka ji usur ɗin tashar Stromness na kiran ma'aikata da ƙarfe bakwai na safe. Sauran 22 ɗin da aka bari a tsibirin Elephant sai a yunƙuri na huɗu aka kwaso su, ranar 30 ga Agusta, da wani ƙaramin jirgin sojan ruwan Chile mai suna Yelcho. Babu ko ɗaya da ya mutu a cikinsu. Amma dai a faɗi gaskiya, ɗaya tawagar tasa da ta je ɗaya gefen nahiyar don ajiye musu abinci ta rasa mutum uku, wannan ba kasafai ake sa shi a takardar talla ba.

Shackleton ya sake dawowa a 1922 da wani jirgin, zuciyarsa ta buga a nan Grytviken ranar 5 ga Janairu yana da shekara 47, matarsa ta ce a binne shi a can. Shi ne kabarin da ake zuwa gani, masu yawon buɗe ido su tsaya a kai su ɗaga kofin wiski, wasu har su zuba masa kaɗan, al'adarsu kenan. Masu ƙarfin ƙafa kuma a sauke su su taka kilomita shidan ƙarshe na hanyar da ya bi zuwa Stromness. Shi kuwa Endurance sai a Maris 2022 aka gano shi a zurfin mita 3,008, sunansa ma na nan ana karantawa.

Yawon buɗe idon kansa ba tsoho ba ne. Ajantina da Chile sun ɗan gwada kai fasinjoji a ƙarshen shekarun 1950, amma wanda ya mai da abin sana'a shi ne Lars-Eric Lindblad, ɗan asalin Suwidin mazaunin Amurka, wanda ya yi hayar jirgin sojan ruwan Ajantina a 1966 ya kai mutum 57 Antaktika, a 1969 kuma ya sa aka ƙera masa jirgi na musamman, Lindblad Explorer. Tsarin da ya kafa shi ake bi har yanzu, ƙaramin jirgi, masana a ciki suna ba da lacca, kwalekwalen roba mai inji na kai mutane bakin gaɓa su yi awa biyu uku su dawo. Abin da ya buɗe kasuwar sosai kuwa rushewar Tarayyar Sobiyet ce a 1991, jiragen bincike da masu fasa ƙanƙara na Rasha suka rasa mai biyan kuɗinsu, kamfanoni suka riƙa hayarsu da araha har da matuƙan. A farkon shekarun 1990 masu zuwa yankin Antaktika ba su kai 8,000 a kaka ba. A kakar 2019 zuwa 2020 sun kai wajen 74,000, korona ta tsayar da komai, da aka buɗe kuma sai ga shi a kakar 2023 zuwa 2024 sun haura 120,000.

To wa ke sa musu ido? Nan ne ƙullin yake. Antaktika ba ta kowa ba ce, yarjejeniyar 1959 da ƙasashe 12 suka fara sa wa hannu ita ke riƙe da ita, aka ƙara mata ta kare muhalli a Madrid a 1991 wadda ta hana haƙar ma'adinai, amma babu inda aka ƙayyade yawan baƙi, kuma duk wata sabuwar doka sai kowace ƙasa mai ƙuri'a ta yarda. Saboda haka kamfanonin ne da kansu, guda bakwai, suka kafa ƙungiyar IAATO a 1991 suka rubuta wa kansu ƙa'ida, kar mutum fiye da 100 su sauka a wuri ɗaya lokaci guda, jirgin da ya ɗauki fiye da 500 ba ya sauke kowa, jagora ɗaya ga mutum 20, a bar tazarar mita 5 tsakanin mutum da dabba. Ƙa'idojin ba laifi, kuma ana bin su daidai gwargwado, sai dai shiga ƙungiyar ganin dama ne, kuma ba ka taɓa jin ƙungiyar 'yan kasuwa ta ce wa mambobinta ciniki ya isa haka. Wasu na cewa an ba kura ajiyar nama, ni dai ba zan kai can ba, amma ina gane abin da suke nufi. A Nuwamban 2007 tsohon jirgin Lindblad ɗin nan, da ya riga ya sauya hannu, ya daki ƙanƙara ya nutse kusa da tsibiran Shetland ta Kudu yana tsakiyar tafiyar da aka sa wa sunan Shackleton, Allah ya sa teku na kwance aka ceto duka mutum 154. Bayan wannan ne aka hana amfani da baƙin mai mai kauri a ruwan Antaktika a 2011, dokar jiragen yankunan ƙanƙara kuma ta fara aiki a 2017.

Ita Jojiya ta Kudu tana wajen yarjejeniyar, don tana arewa da layin digiri 60 na kudu inda yarjejeniyar ta tsaya, Birtaniya ke mulkinta, Ajantina na cewa tata ce, rikicin da ya kai su ga yaƙin Fokland a 1982 ma a nan ya fara ɗaukar zafi lokacin da masu kwasar tsohon ƙarfe 'yan Ajantina suka kafa tutarsu a Leith. Da yake akwai gwamnati guda mai ba da izini, an iya yin abin da ba a iya yi a Antaktika. Ɓerayen da suka sauko daga jiragen mafarauta sun shekara kusan ɗari biyu suna cinye ƙwai da 'ya'yan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa, tunda babu bishiya ko ɗaya a tsibirin. Daga 2011 zuwa 2015 aka yi ta watsa guba da jirage masu saukar ungulu, sama da tan 300, aka bi da karnuka masu sansano ɓera, a 2018 aka sanar babu saura, kuma wani ɓangare na kuɗin daga aljihun masu yawon buɗe idon ya fito, wannan a ba su. Barewar ƙanƙara da Larsen ya kawo a 1911 don nama, wadda ta hayayyafa ta kai dubbai tana cinye ciyawa, ita ma aka kawar da ita a 2013 da 2014. Sil masu gashin nan sun dawo da miliyoyi har suna koran mutane a bakin ruwa, fengwin a mashigin St Andrews kaɗai sun haura ma'aurata 100,000, a 2020 kuma masu bincike suka ƙirga shuɗin wel 58 a zagaye ɗaya, a ruwan da aka yi shekaru da kyar ake ganin ɗaya.

Shi ya sa yanzu kafin ka sauka sai an bi aljihunka da jakarka da injin zuƙe ƙura, a tsince duk wani iri da ya maƙale a maɗaurin riga, a wanke takalmi da magani. Tsofaffin tashoshin ban da Grytviken ba a matsa musu ƙasa da mita 200, saboda asbesto, wani kayan gini mai cutar da huhu, da kwanon rufin da iska ke fizgewa. A Oktoban 2023 kuma murar tsuntsaye ta iso tsibirin, ba a jirgin fasinja ba, tsuntsaye masu ƙaura ne suka kawo ta daga Kudancin Amurka, ta kashe manyan sil ɗin nan da yawa har da albataros, wani babban tsuntsun teku, aka rufe wuraren sauka da dama a wannan kakar. Inda aka bari a sauka kuma aka hana zama, aka hana durƙusawa, aka hana ajiye jaka a ƙasa, mutum ya zo tun daga wata uwa duniya amma sai dai ya ɗauki hotonsa a tsaye. A 2023 ɗin ce dai ƙasashen yarjejeniyar Antaktika suka amince a taronsu na Helsinki cewa za su zauna su tsara cikakkiyar dokar yawon buɗe ido, shekara 57 bayan tafiyar Lindblad ta farko.