Dirzar haƙori da ƙarfi da zaizayewar dasashi

Zaizayewar dasashi shine naman da ya rufe gindin haƙori ya riƙa ja da baya a hankali har saiwar haƙorin ta fito fili, sai kaga haƙorin mutum kamar ya ƙara tsawo alhali naman ne ya gudu ya barshi. Ciwon dasashi na ƙwayoyin cuta yana jawo shi, taba ma haka, wani kuma gado yayi, amma wanda mutane basu cika kawowa a rai ba shine goge baki da ƙarfin tsiya, musamman da buroshi mai tauri.

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa an ɗauka tauri shine inganci. Kaje kasuwar Wudil ran Juma'a ka tsaya gun mai tireda, mai saye zai danna gashin buroshin da babban yatsa, in yaji laushi ya ajiye yace wannan ai na yara ne, a bashi mai ƙarfi. Da asuba ya tsuguna bakin rariya da buta ya shiga dirza hagu da dama kamar mai wanke gindin tukunya, in ya tofar yaga jini a kumfar makilin sai yace dattin ne ke fita.

To dattin da ake so a cire, wato farin dauɗar nan mai yauƙi da ke taruwa a bakin dasashi, abu ne mai laushi, shafa kaɗan ta isa ta ɗauke shi. In kuwa ya daɗe ya daskare ya koma kamar dutse, duk ƙarfinka buroshi bazai ɓamɓare shi ba sai likitan haƙori ya kankare da na'ura. Abinda dirzar ke ci shine naman, da kuma wuyan haƙori inda farin ɓawon sama ya ƙare. Ɓawon nan ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, har ƙashi, amma saiwa bata da shi, don haka da ta fito sai ta fara cinyewa har ta yi wani ɗan kwarmi da farce zai iya ji. Ƙarƙashinta akwai ƙananan kafofi da suka nufi jijiya, shi yasa ruwan randa mai sanyi ko shayi ko iskar hunturu kawai sai mutum yaji tsam har ƙwaƙwalwa. Fiƙa da haƙoran da ke bayanta sun fi shan wahala, kuma mai amfani da hannun dama yawanci ɓangaren hagu yake fara lalacewa.

Masu cin goro ma suna faɗawa, don neman fari har gawayi da toka da gishiri ake haɗawa, kuma abin haushin shine in ɓawon ya siɗe, launin ciki mai ruwan ɗorawa ne ke bayyana, garin neman ƙiba a samo rama kenan.

Asuwaki ma bai tsira ba in an yi masa riƙon wasa. Sunna ce, kuma itacen darbejiya ko na Makka yana tsaftace baki sosai, sai dai a jiƙa shi a tauna bakin har ya yi laushi kamar gashi, a riƙa yanke wanda ya tsufa. Wanda yake yini da busasshen asuwaki a baki yana gurza wuri ɗaya a majalisa, shima dasashinsa zai ja.

Likitocin haƙori sun ce buroshi mai laushi, sau 2 a rana, minti 2, a karkata gashin kamar digiri 45 wajen dasashi ana ɗan jujjuyawa. A riƙe shi da yatsu kamar biro, ba a dunƙule hannu kamar ƙotar fartanya ba. Ana canjawa duk wata 3 zuwa 4, wanda nasa ya baje kamar tsintsiya tun kafin nan hannunsa yayi nauyi. Bayan kunun tsamiya ko zoɓo ko lemon kwalba a jira kamar minti 30 kafin a goge baki, tsami na tausasa ɓawon na ɗan lokaci.

Jini kuma ba kullum daga dirza yake ba, yawanci ma kumburin dasashi ne saboda dauɗa, don haka daina gogewa ƙara ta'azzara shi yake. Naman da ya riga ya ja baya dai baya tsirowa da kansa. Man goge baki irin su Sensodyne na rage jin tsam ɗin nan, kwarmin kuma ana cike shi, in abin yayi nisa sai a yanko nama daga ganɗa a dasa a wurin, irin wannan aikin sai manyan asibitoci, wajenmu akan tura mutum sashen haƙori na asibitin Malam Aminu Kano.