Fentin kwanon alminiyum a jikin gida: tambayoyin da na gaji da amsawa

Tun da aka shiga yayin lulluɓe gaban shaguna da goshin gidaje da kwanon alminiyum a Zariya, daga Sabon Gari har Samaru, tambayoyin da ake yi mini ba sa wuce waɗannan. Na tara su wuri ɗaya. Duk wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Malam, wai alminiyum yana karɓar fenti kuwa?

Yana karɓa. Wanda ka ga yana ɓarewa a gidan maƙwabcinka, ba a wanke shi ba aka shafa.

Yaya zan gane nawa alminiyum ne, ba kwanon ƙarfe ba?

Ka samo mayen ƙarfe, ko na tsohuwar lasifika ne, ka manna. In ya kama, ƙarfe ne. In ya faɗo, alminiyum ne.

Na shafa hannu a jikin kwanon, sai farin gari ya biyo tafina. Ya lalace ke nan?

Kwantar da hankalinka, Alhaji, kwanonka lafiya lau yake. Fentin kamfani ne rana ta cinye ya koma gari. Amma wannan garin shi ne ke kayar da yawancin aikin da ake yi a garin nan. In ka shafa fenti a kansa, garin ne fentin zai kama, kwanon bai san an yi ba, damina ɗaya ta ishe shi ya sauko. A wanke da ruwa da omo da buroshi mai taushi, a ɗauraye sosai har kumfa ta ƙare, a bari ya bushe. Sannan a goga baƙin ƙyalle. In ƙyallen ya yi fari, a sake wankewa. Na san yaran aiki ba sa son jin wannan, don wanki ba ya nuna aiki a idon mai gida.

To in sa soda don ya fita da sauri?

Kul! Sodar da mata ke haɗa sabulu da ita cin alminiyum take yi. Haka ɗanyen siminti da farar ƙasa, shi ya sa in birkila yana filasta kusa da kwanon sai a rufe shi da leda. Soson ƙarfe da buroshin waya su ma a ajiye su, suna barin ɓurɓushin ƙarfe a jiki, daga baya ka ga ɗigo-ɗigon tsatsa.

An ce in fara shafa jan fentin nan na hana tsatsa.

Wannan na get ne da ƙarafan taga. Alminiyum ba ya jan tsatsa. Ka nemi firaima, wato shafen farko da ake yi kafin ainihin fenti, wadda aka rubuta a gwangwaninta cewa ta alminiyum ce, ka karanta da idonka, kada ka tsaya ga bakin yaron shago.

Tsohon fentin ya ɓare a wasu wurare, a wasu kuma yana nan daram. In kankare duka ne, ko in shafa a kai?

Wannan ce kaɗai tambayar da ba na iya amsawa ta waya, domin ya danganta da abin da ke jikin kwanon. In fentin kamfani ne, wanda aka gasa tun daga masana'anta, galibi ba a kankare shi. A wanke, a ɗan bi shi da sampefa mai laushi don ya rage santsi, a sa firaima a inda farin kwano ya bayyana kawai. In kuwa wani ya taɓa shafa nasa a kai, sai an bincika. Ka jiƙa ƙyalle da sifirit ka goga: fentin ruwa zai yi laushi ya biyo ƙyallen, fentin mai ba zai kula ba. Sannan ka ɗauki reza ka yi tsage-tsage kamar gidan dara a wuri kaɗan, ka manna salatif ka danne, ka fizge. In fenti ya biyo, wannan ɓangaren ba shi da riƙo, sai an cire shi. Ka gwada a wurare da yawa, musamman bangon yamma da ke shan ranar la'asar, don sau da yawa gida ɗaya sai ka tarar gabas yana riƙe, yamma ya mutu. In abin da ya saki ɗan kaɗan ne, a kankare shi da abin roba, a goge bakin wurin har ya daidaita, kada tabo ya fito a ƙarƙashin sabon fenti. In ya kai rabi, ni dai shawarata a cire duka, ko da yake akwai masu fentin da za su ce a lallaɓa, kuma wani lokaci lallaɓawar tana ɗaukar shekaru. Sai dai ka sani, sabon fenti yana jan na ƙasa in yana bushewa, wanda ke riƙe da ƙyar yau yana iya saki bayan an gama aiki an biya kuɗi. Abu ɗaya da ba na sassauci a kai: tsohon fentin mai yana iya ɗauke da dalma, wadda ke illata ƙwaƙwalwar yara. Kada a goge shi a bushe. A jiƙa, a rufe hanci, a kwashe ɓawon, kada a bar shi a tsakar gida inda yara ke rarrafe.

Ina da ragowar fentin ɗaki, zai yi?

Ba zai yi ba. Fentin akirilik na waje, shafa biyu marasa kauri.

Hajiya tana son baƙi ko ruwan toka mai duhu.

A ba Hajiya haƙuri. Alminiyum yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Kwano mai tsawon mita 6, in zafin jikinsa ya ƙaru da digiri 40, yana ƙara sama da milimita 5. Launi mai duhu yana ƙara masa zafi, sai ya riƙa lanƙwasa a wajen ƙusoshi, shagon kuma ya zama tanda a watan Afrilu.

Wane lokaci ya fi?

Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta kankama ba. A Agusta ba ka da tabbacin yini guda a bushe, a Janairu ƙura za ta zauna a ɗanyen fenti. Kuma a bi inuwa: yamma da safe, gabas da la'asar. In ka ɗora tafinka a kwanon ka kasa daurewa, a dakata.

Zan iya tsinka fentin da kananzir don ya ishe ni?

Haba, Malam. Na ruwa da ruwa kaɗan, na mai da tina, gwargwadon abin da gwangwani ya ce. In kuɗin bai kai ba, a yi bango ɗaya yanzu, sauran a jira albashi.