Gine-ginen Art Nouveau da na farkon salon zamani a birnin Brussels

Brussels, babban birnin ƙasar Beljiyam, yana cikin wuraren da aka fara gini da salon Art Nouveau, wanda a harshen Faransanci ke nufin sabuwar fasaha. Ana gane salon da amfani da ƙarfe da gilashi a bayyane, da zane mai lanƙwasa irin na reshe da yaɗon tsiro. Ya yi tashe a birnin daga 1893 har zuwa gabanin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bayan yaƙin, gini maras ado mai miƙaƙƙun layuka ya karɓe fagen.

Mafari

Yawancin masana suna ɗora farkon salon a kan gidaje biyu da aka fara a 1893: wanda Paul Hankar ya gina wa kansa, da gidan Tassel na Victor Horta. An haifi Horta a garin Ghent a 1861, kuma Emile Tassel, malami a jami'ar Brussels, shi ya ba shi aikin.

Matsalar da Horta ya tarar ta haske ce. Filayen gidaje a Brussels tsukakku ne ta gaba, dogaye ta ciki, gida na manne da gida. Al'adar magina ita ce a jera ɗaki uku, wannan bayan wannan, sai na tsakiyar ya zauna cikin duhu ko da rana tsaka. Horta ya raba gidan Tassel gida biyu, sashen gaba da na baya, ya haɗa su da wani fili mai rufin gilashi inda matakala take. Siraran ginshiƙan ƙarfe suka ɗauke nauyin da kaurin bango ke ɗauka a da, haske ya sauko daga sama har ƙasa. Ƙarfen kuwa, wanda a lokacin kayan tashar jirgi da masana'anta ne, bai ɓoye shi ba. Ya lanƙwasa shi kamar ganye, ya sa zanen ya bi bango, ya sauka kan daɓe, ya hau madafar matakala. Masu ɗaukar hoto sun fi son wannan adon, amma abin da ya sauya zaman gida shi ne rufin gilashin.

Horta yakan zana komai na gida da hannunsa, daga kujera da fitila har mariƙin ƙofa. Gidajensa huɗu, wato Tassel, Solvay, van Eetvelde da gidansa na unguwar Saint-Gilles, sun shiga jerin kayan tarihi na duniya na UNESCO a shekarar 2000.

Masu kuɗin da inda kuɗin ya fito

Gini irin wannan sai mai hannu da shuni. Waɗanda suka yi oda sababbin attajirai ne da lauyoyi da injiniyoyi, masu son nuna cewa su ba irin tsofaffin sarakai ba ne. Iyalan Solvay, alal misali, da sarrafa sinadarai suka yi arziki.

Wani kaso na dukiyar daga Afirka ya zo. Daga 1885 zuwa 1908 ƙasar Kwango mallakar Sarki Leopold na Biyu ce shi kaɗai, kuma an tara roba da hauren giwa ta hanyar aikin tilas da kisan jama'a. Edmond van Eetvelde, wanda Horta ya fara gina wa gida a 1895, shi ne babban jami'in da ke tafiyar da mulkin Kwango daga Brussels, kuma an yi amfani da katakon ƙasar a cikin gidan. A baje kolin 1897 na garin Tervuren, kusa da Brussels, masu wannan salo irin su Hankar da Henry van de Velde ne suka ƙawata zaurukan da aka nuna kayan Kwango. A wurin ne kuma aka ajiye 'yan Kwango 267 jama'a suna kallonsu, bakwai daga cikinsu suka rasu.

Sauran gine-gine

Salon bai tsaya a gidajen manya ba. Horta ya gina wa jam'iyyar ma'aikata babbar cibiyarta, Maison du Peuple, da aka buɗe a 1899, mai shaguna a ƙasa da zauren taro a can sama. Kantin Old England na Paul Saintenoy, na 1899, yanzu gidan adana kayan kiɗa ne. Shagon yadi na Waucquez, na 1906, ya koma cibiyar littattafan zanen barkwanci a 1989. Gidan Saint-Cyr na Gustave Strauven faɗinsa mita huɗu ne kacal, amma an cika fuskarsa da ado har ya so ya yi yawa. A gidan Cauchie na 1905 ana ganin wata dabarar shafe: a yi yaɓe mai duhu, a rufe da mai haske, a kankare zane tun bai bushe ba, sannan a sa launi.

Juyawa zuwa miƙaƙƙen layi

Fadar Stoclet ce mahaɗar zamunan biyu. Josef Hoffmann, mutumin Viyana, ya gina ta daga 1905 zuwa 1911 wa Adolphe Stoclet, attajirin harkar banki. Babu reshe, babu ganye: shimfiɗaɗɗen bango ne na farin marmara da aka yi wa baki da tagulla. Gustav Klimt ya zana adon bangon ɗakin cin abinci. UNESCO ta sa ta a jerinta a 2009, sai dai har yanzu tana hannun iyalan, daga titi kawai ake kallonta.

Yaƙin 1914 zuwa 1918 ya bar ƙasar da ƙarancin gidaje da ƙarancin kuɗi, don haka hankalin matasan masu zanen gini ya koma kan muhallin ma'aikata. Victor Bourgeois yana ɗan shekara 25 ya fara unguwar Cité Moderne a 1922, gidajen kankare masu shimfiɗaɗɗen rufi, aka kammala a 1925. Van de Velde ya kafa makarantar koyon zanen gini da fasaha ta La Cambre, wadda ta fara karatu a 1927, kuma a 1930 Brussels ta karɓi taro na uku na ƙungiyar masu zanen ginin zamani ta duniya, CIAM. Shi kansa Horta ya bar lanƙwasa. Fadar fasaha ta Bozar, da aka buɗe a 1928, ta fi kusa da Art Deco, salo mai ado na miƙaƙƙun layuka da kusurwoyi, babbar tashar jirgin ƙasa da ya zana kuwa sai a 1952 aka gama ta, shekara biyar bayan rasuwarsa. Gidan rediyo na Flagey, aikin Joseph Diongre na 1935 zuwa 1938, ana kwatanta shi da jirgin ruwa saboda siffarsa.

Rusau da kiyayewa

Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 an ɗauki Art Nouveau a matsayin tsohon yayi. A 1965 aka rushe Maison du Peuple duk da koken ɗaruruwan masu zanen gini daga ƙasashe daban-daban, aka kafa dogon benen ofisoshi a gurbinta. Kantin Innovation da Horta ya zana ya ƙone a 1967, mutane da dama suka mutu. Rusau ya yi yawa a birnin har aka ƙirƙiro kalmar bruxellisation don ɓata gari da sunan ci gaba. Wata asarar kuma daga Horta ta fito, domin a 1945 ya lalata mafi yawan takardun zanensa.

An mayar da gidansa gidan tarihi a 1969. Yawancin abin da ya tsira yana unguwannin Ixelles, Saint-Gilles da Schaerbeek, kuma gidajen zama ne ko ofisoshi. A watan Maris na kowace shekara, lokacin bikin BANAD na gine-ginen Art Nouveau da Art Deco, masu wasu daga cikinsu kan buɗe ƙofa baƙi su shiga.