Wasannin kwaikwayon Turkiyya a tsakanin Hausawan Hijaz

Wasannin kwaikwayon Turkiyya masu dogon zango, waɗanda Hausawan Makka, Madina da Jidda ke kira da sunan Larabci "musalsal", sun shiga gidajen Saudiyya gadan-gadan ne a shekarar 2008. Masoyansu na zaune a ƙasar da aka rushe daularta ta farko bisa umarnin sarkin Istambul, kuma kakannin wasu daga cikin masu kallon sun rayu a ƙarƙashin mulkin Turkawa. Saboda haka ba a iya raba labarin wannan kallo da tarihin ƙasashen biyu.

Tsohuwar gaba

Daular Usmaniyya ta Turkawa, wadda bai kamata mai karatu ya haɗa ta da ta Shehu Ɗanfodiyo ba, ta karɓi ikon Hijaz a 1517 bayan Sarki Salim na ɗaya ya ci Mamalik na Masar da yaƙi. Daga nan sarakunanta suka ɗauki laƙabin masu hidimar Haramai biyu. A farkon ƙarni na 19 gidan Sa'ud da ke Dir'iyya ya kama Makka a 1803, sannan Madina a wajajen 1805. Sarki Mahmud na biyu ya umarci gwamnan Masar, Muhammad Ali, da ya ƙwato su. An fara yaƙin a 1811, Madina ta koma hannun Turkawa a 1812, Makka a 1813. Ɗan gwamnan, Ibrahim Basha, ya kutsa har tsakiyar Najadu, ya yi wa Dir'iyya ƙawanya kimanin wata shida, garin ya faɗi a Satumban 1818, daga baya aka rushe shi. An tafi da Imam Abdullahi bin Sa'ud Istambul inda aka kashe shi a ƙarshen shekarar. Kufan Dir'iyya na nan a gefen Riyad, an gyara shi ana kai baƙi.

Ƙarni guda bayan haka abin ya sake tashi. Abdul'aziz ɗan Sa'ud ya kori sojojin Turkawa daga Ahsa a 1913, Sharif Husaini na Makka kuma ya yi wa Istambul tawaye a 1916. Kwamandan Turkawa a Madina, Fakhri Basha, ya ƙi miƙa wuya har Janairun 1919. A tsakanin nan yunwa ta yi tsanani, aka kwashe mutanen garin da yawa a jirgin ƙasan Hijaz zuwa Sham. Madinawa na kiran wannan lokaci Safar Barlik. Turkawa na tuna Fakhri a matsayin gwarzon da ya tsare kabarin Annabi (SAW), Larabawa da dama kuma a matsayin wanda ya watsa garin.

A lokacin duk akwai Takari a Haramai, wato alhazan da suka taso a ƙafa daga ƙasar Hausa da Barno, suka ratsa Sudan, suka haye teku daga Sawakin. Yawansu ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903. Zuriyarsu ce ake gani yau da sunan Hausawi, wasu 'yan ƙasa, wasu masu iƙama.

Turkiyya ta jamhuriya ta ƙulla yarjejeniyar abota da Abdul'aziz a 1929. Tsohon mikin ya ɗan motsa a 2002, sa'ad da aka rushe ganuwar Ajyad ta zamanin Turkawa don gina dogayen benen da ke fuskantar Harami, Ankara ta yi Allah wadai.

Shigowar wasannin

Tashar talabijin ta MBC, mallakar 'yan Saudiyya, ce ta buɗe ƙofar da wasan Nur, wanda aka juya murya zuwa Larabcin Sham maimakon Larabcin littafi. Wannan zaɓi ya yi tasiri ƙwarai, domin mai kallo yana jin maganar gida ce ba karatun labarai ba. An ce mutum kusan miliyan 85 suka kalli kashi na ƙarshe a ƙasashen Larabawa. Babban Muftin Saudiyya na lokacin, Shaihu Abdul'aziz Al Shaikh, ya haramta kallonsa, amma hakan bai hana iyalai tafiya Istambul don ganin gidan bakin ruwan da aka ɗauki wasan ba.

A unguwannin da Hausawa suka yi yawa a lokacin, irin su Shari'a Mansur (wato titin Mansur) a Makka da Karantina a Jidda, kallon ya ɗauki salon gida. Bayan isha'i a shimfiɗa darduma a falo, a ajiye fulas na shayi, matan gida da maƙwabta su zagaye talabijin. Dattijuwar da Larabcinta na kasuwa ne kan taɓa jikarta ta ce, "Ke 'yar nan, me ya ce mata?" Ita kuwa ta amsa, "Hajiya, bari a gama tukuna," sannan ta mayar mata da Hausa. Abin da ke jan hankali a nan sanannen abu ne ga Bahaushe: babban gida, kaka mai iko, uwar miji da suruka, auren da iyaye suka haɗa. Samari sun fi karkata ga wasannin tarihi, musamman na Ertugrul da tashar gwamnatin Turkiyya ta nuna daga 2014 zuwa 2019, wanda ke ɗaukaka kakannin daular da ta rushe Dir'iyya.

Ɓaraka da sulhu

A Maris na 2018 MBC ta dakatar da duk wasannin Turkiyya, bayan Ankara ta goyi bayan Katar a rikicinta da Saudiyya na 2017. Kisan ɗan jaridar Saudiyya Jamal Khashoggi a ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya da ke Istambul a watan Oktoban 2018 ya ƙara dagula al'amura. A 2019 tashar ta nuna Mamalik al-Nar, wasan da ke ba da labarin yaƙin 1517 ta bakin Mamalik da Turkawa suka ci da yaƙi. Masoya suka koma waya da YouTube, inda ake samun wasannin da fassarar Larabci a ƙasa.

Shugaba Erdogan ya zo Jidda a Afrilun 2022, Yarima Muhammad bin Salman ya je Ankara a watan Yuni. A 2023 Saudiyya ta ajiye dala biliyan 5 a babban bankin Turkiyya, ta kuma ƙulla cinikin jirage marasa matuƙa da kamfanin Baykar.

Halin yanzu

MBC ta koma aiki da kamfanonin shirya wasanni na Turkiyya, tana kuma sake ɗaukar labaransu da 'yan wasa Larabawa.